Amsoshin Tambayoyinku: Ga rana tsaka a Abuja, ta yaya bitamin D ya yi mini ƙaranci?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar gwamnati ce, shekaruna 46, ina zaune a Nyanya, ina aiki a cikin gari. Na daɗe ina fama da ciwon ƙugu da cinyoyi da ƙwauri. Idan na yi sujada, tashi sai na dafa ƙasa, hawan gadar sama kuwa sai na tsaya na huta a tsakiya. Na sha maganin maleriya da na taifot har na gaji, aka ce sanyin ƙashi ne, na koma jiƙe-jiƙe. Daga baya wani likita ya tura ni gwajin jini. Takardar ta nuna bitamin D 11, wani abu wai PTH 128 an ja masa layi an ce ya yi yawa, kalsiyam kuma 2.2, an ce daidai yake. Likitan ya ce wasu abubuwa ne a wuyana suke aiki fiye da ƙima, ya rubuta mini ƙwayar bitamin D, ya ce in dawo bayan wata uku. Maƙwabciyata ta ce an yi wa yayarta tiyata a wuya a kan irin wannan. Shin maƙoƙo ne zai fito mini? Me ya haɗa bitamin da wuya? Kuma ta yaya wanda ke cikin zafin Abuja zai rasa bitamin ɗin da aka ce rana ke bayarwa?

Daga wata mai karatu, Nyanya

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara kwantar miki da hankali kafin mu shiga dogon bayani. Wannan ba maƙoƙo ba ne, kuma mai irin sakamakon da kika karanto yawanci ba ya bukatar wuƙa. Hanyar da likitanki ya ɗauka ita ce daidai. Sai dai akwai abubuwa biyu da nake so ki ƙara a kai, za mu zo gare su.

A gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, akwai tayirod, ita ce idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. A bayanta kuma, manne da ita, akwai wasu 'yan ƙullutai, yawanci huɗu, biyu dama biyu hagu. Su ne faratayirod. Maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su da tayirod, aiki kowa da nasa. Duka huɗun in an ɗora a sikeli ba su kai kwatan giram ba, shi ya sa ko sun kumbura da wuya a gan su ko a ji su da hannu daga waje. Ƙanƙantarsu ta sa masu binciken jikin ɗan Adam suka daɗe ba su lura da su ba. Wani Bature ɗan Ingila, Richard Owen, shi ya fara ganin su wajen 1850, a wuyan wata karkanda da ta mutu a gidan namun daji na Landan, sai a 1880 wani ɗalibin likita a Uppsala ta ƙasar Suwidin, Ivar Sandström, ya bayyana su a jikin mutum.

Aikinsu ɗaya ne tak, tsaron kalsiyam a cikin jini. Mun saba jin cewa kalsiyam na ƙashi ne da haƙori, kuma haka ne, kusan kashi 99 cikin 100 na abin da ke jikinmu can yake. Amma ɗan ragowar da ke yawo a jini, da shi zuciya ke bugawa, da shi jijiya ke kai saƙo, da shi tsoka ke matsewa ta saki. Don haka jiki ba ya wasa da shi. Ba ya son ya sauka ƙasa da kamar 2.1, ba ya son ya haura 2.6. Da ya fara sauka, cikin 'yan mintoci ƙullutan nan sun saki sinadarin da kika gani an rubuta PTH. Shi kuma ya je ƙoda ya hana ta zubar da kalsiyam a fitsari, ya sa ta gyara bitamin D ya zama mai aiki don hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, sannan ya je ƙashi ya ɗebo.

To a nan bitamin ya shigo. Hanjin da yake da wadataccen bitamin D yana tsotse kamar kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na kalsiyam ɗin da ke cikin abinci. In babu, ba ya wuce kashi 10 zuwa 15, sauran ya bi bayan gida. Kalsiyam ya ragu a jini, faratayirod su ƙara ƙaimi, kuma tunda daga hanji ba a samu ba, nauyin ya koma kan ƙashi.

Ɗauki ƙashi a matsayin rumbu. Gidan da cefane ya daina shigowa ba za a bar yara da yunwa ba, rumbu za a buɗe. Kwana biyu ba komai. Amma in aka shekara ana ɗiba ba a zubawa, tukunya kullum tana kan wuta, mai leƙowa ya ga gida lafiya lau, alhali rumbu ya kusa kaiwa ƙasa. Kalsiyam ɗinki na 2.2 tukunyar ce a kan wuta. PTH na 128, wanda a yawancin ɗakunan gwaji bai kamata ya wuce 65 ba, shi ke faɗa mana daga ina ake ɗebo hatsin. Ƙullutan wuyanki ba su lalace ba, aikinsu suke yi, aikin ne ya yi musu yawa.

Ciwon da kike ji daga nan yake. Ƙashi ba matacce ba ne, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo. Idan kalsiyam da ɗan'uwansa fosfet suka yi ƙaranci, sabon ginin ba ya yin ƙwari, sai ƙashi ya yi laushi. Irin wannan ciwo ba ya tsayawa a gaɓa ɗaya, yana bin ƙugu da ƙasan baya da haƙarƙari da ƙwauri, in an danna ƙwauri da babban yatsa mutum ya zabura. Tsokar cinya da ta ɗuwawu su ma suna yin rauni, shi ya sa tashi daga zaman tahiya da hawan bene su ne suke fara tona shi, wasu har tafiyarsu ta koma rangaji. Ba zazzaɓi a ciki, ba kumburin gaɓa. Duk da haka mata da yawa sai sun zagaye maganin taifot sau da dama kafin wani ya yi tunanin auna bitamin D, kuma wannan sakaci ne daga ɓangarenmu ma'aikatan lafiya, ba laifin marasa lafiya ba.

Yanzu batun yayar maƙwabciyarki. Mai yiwuwa ita nata wani ciwon ne daban mai kama da naki a takarda. Akwai lokacin da ɗaya daga cikin ƙullutan yakan yi tsiro, ya riƙa zuba PTH ba tare da jiki ya nema ba. A wajen mutum 8 cikin 10 masu wannan, ƙullutu ɗaya ne ya fitine, kuma da wuya ƙwarai ya zama kansa, bai kai mutum 1 cikin 100 ba. An fi ganinsa a mata bayan sun daina al'ada. Alamarsa ita ce kalsiyam ya hau sama da ƙima: yawan ƙishirwa, yawan fitsari har cikin dare, taurin bayan gida, kasala, mantuwa, tsakuwa a ƙoda. Shi wannan tiyata ce maganinsa, tun daga 1925 da Felix Mandl ya yi ta farko a birnin Biyana, kuma a hannun wanda ya ƙware tana warkar da kusan kashi 95 cikin 100. Saboda haka idan an ce wa mutum PTH ɗinsa ya hau, lambar da zai fara dubawa ita ce ta kalsiyam. PTH a sama, kalsiyam ƙasa ko daidai, bitamin D ƙasa: a cike gurbin, ƙullutan su huta. PTH a sama, kalsiyam ma a sama: a nemi tsiro.

Ga abu na farko da nake so ki ƙara. Ciwukan nan biyu suna iya haɗuwa a jiki ɗaya. Mai tsiro, shi kansa yawan PTH yana cinye masa bitamin D, kuma ƙarancin bitamin yana iya danne kalsiyam ɗinsa ya fito kamar daidai, tsiron ya ɓuya. Sai an fara ba shi bitamin kalsiyam ya ɗaga. Don haka kada ki jira wata ukun nan duka. Ki nemi a sake auna miki kalsiyam cikin wata ɗaya bayan kin gama manyan ƙwayoyin bitamin D na farko, gwaji ne mai araha, ba kamar na PTH ba. Kuma in ba a duba ƙodarki ba, a duba. Ƙoda ce ke yi wa bitamin D gyaran ƙarshe, kuma ita ke fitar da fosfet, shi ya sa ciwon ƙoda mai daɗewa shi ne babban dalili na biyu da ke tayar da PTH, duk mai zuwa wankin ƙoda ya san sunan. In kina da hawan jini ko ciwon suga, ko kin daɗe kina haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen saboda wannan ƙugun, to gwajin ƙoda ya zama dole. Hoton wuya kuwa ba yanzu ba. Ba a gano wannan ciwo da hoto, da jini ake ganowa, hoto na wanda aka riga aka yanke za a yi wa aiki ne.

Sai tambayarki ta ƙarshe, wadda na fi jin daɗinta. Zafi daban, hasken da ke yin bitamin daban. Wani yanki ne na hasken rana, wanda ido ba ya gani, yake taɓa fata kai tsaye ta haɗa bitamin D, daga nan hanta ta gyara, ƙoda ta ƙarasa. Wannan yanki ba ya ratsa gilashi, ba ya ratsa tufa mai kauri, hazon hunturu da gizagizan Agusta suna rage shi, kuma idan rana ta yi ƙasa, da sassafe ko da yamma, kusan babu shi. Abin da ake yawan faɗa cewa ranar sassafe ce mai bitamin, ba haka ba ne. Ki auna da inuwarki. Muddin ta fi ki tsawo, fata ba ta samun abin kirki. Lokacin samu yana farawa ne idan hantsi ya ɗaga sosai, ya ƙare wajen shigar la'asar, lokacin da inuwa ta kai tsawon mai ita.

Yanzu ki duba yininki. Duk wanda ke bin hanyar Keffi ya san cewa in bai fito da an sallame asuba ba, motocin Masaka da Mararraba sun riga shi, zai sha cunkoso daga gadar Nyanya har hawan Kugbo zuwa AYA. Kin tsaya jiran mota da duhu-duhu, kin shiga ofis kafin rana ta yi ƙarfi, taga a rufe, labule a sake, abincin rana a kan tebur, sallar azahar a lungun ofis. Kin taso da yamma, kin sake shiga cunkoso a bayan gilashi, kin shigo gida ana kiran magariba ko an wuce. Asabar wanki da girki a ɗaki, in da biki a ƙarƙashin rumfa. Kin ji zafi, kin yi gumi, amma ranar ba ta taɓa fatarki ba. Ma'aikacin banki namiji da ke bin hanyar nan cikin kwat, shi ma haka yake.

Wasu suna saurin ɗora laifin a kan hijabi, ni ban yarda a tsaya nan ba. Iyayenmu mata a cikin birnin Kano da Katsina da Zariya, da yawansu ma ba sa fita, in sun fita kuma a lulluɓe. Amma suna da tsakar gida. Da ɗaurin ƙirji ake daka, ake wanki, ake shanya, ake kitso, kafaɗu da hannuwa da baya a waje, ba wanda ya gani sai 'yan gida. Abin da gidan haya ya ƙwace wa mace ke nan. A gidan da ɗakuna ke kallon juna, tsakar gida ta kowa ce, maza na shige da fice, a bene kuma babu ita sam. Baƙar fata tana bukatar lokaci a rana fiye da fara kafin ta haɗa adadi ɗaya, wannan gaskiya ne, amma ba ita ce katangar ba. Wani nazari da aka buga a 2012 a kan makiyayan Masai da mafarautan Hadza a Tanzaniya, masu yini a fili, ya samu matsakaicin bitamin D ɗinsu wajen 46, a ma'aunin da ake ɗaukar ƙasa da 20 a matsayin ƙaranci, ƙasa da 12 kuma mai tsanani. A gefe guda, a 2020 mujallar Lancet Global Health ta buga wani aiki da Reagan Mogire na Kenya da abokansa suka yi, suka tattara nazarce-nazarcen ƙasashen Afirka, suka samu kusan mutum 1 cikin 3 yana ƙasa da 20, kuma abin ya fi yawa a birane da mata da jarirai. Ba ke kaɗai ba ce.

Abu na biyu da nake so ki ƙara ya fi kowanne muhimmanci a ƙasarmu, kuma a Jos aka tabbatar da shi. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun daɗe suna ganin yara masu lanƙwasassun ƙafafu, wasu gwame wasu baka, wuyan hannu a kumbure, ciwon da littattafai suka ce na ƙasashen da ba rana ne. Yaran nan kuwa a rana suke yini. Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka ɗauki yara 123 masu ciwon, suka kasa su uku: wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun, na tsawon mako 24. Sakamakon ya fito a New England Journal of Medicine a 1999. Cikin waɗanda suka sami kalsiyam, da bitamin ko babu, kusan 6 cikin 10 sun kai matakin warkewa. Cikin masu bitamin kaɗai, kusan 2 cikin 10. Da aka auna abincin yaran, kalsiyam ɗin da suke samu a rana wajen miligiram 200 ne kawai. Babba yana bukatar wajen 1,000, mace da ta haura shekara 50 kuma 1,200.

Ma'anar wannan a gare ki ita ce, ko bitamin ya cika, in babu kalsiyam a kwano, babu abin da hanji zai tsotsa, PTH ba zai sauka yadda ake so ba. Ƙarin abin haushi, jikin da ke fama da ƙarancin kalsiyam yana ƙone bitamin D ɗinsa da sauri, ƙaranci ɗaya ya haifi ɗayan. Abincinmu na kullum, tuwon masara da shinkafa da taliya da burodi, ba shi da kalsiyam sosai, kuma dusar hatsi tana ɗauke da wani sinadari mai riƙe ɗan wanda ke ciki. Jiƙa hatsi ya kwana ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasara, yana rage wannan riƙon.

Ba sai kin je babban kanti ba, kasuwar Laraba ta Nyanya ta ishe ki. Kofi ɗaya na madarar shanu ko kindirmo mai kyau yana ba da kusan miligiram 300. Na ce mai kyau, don nonon da aka tsinka da ruwa aka kaɗa shi da kuka ya yi kauri ba zai kai haka ba, haka ma ɗan ɗigon madarar gwangwani a shayi. Ganyen kuka da zogale suna da shi da yawa, miyar kuka da muke rainawa ta fi miyoyi da dama a wannan fanni. Riɗi, cuku, ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu, sadin na gwangwani, duk haka. Tamba kuwa ta fi duk hatsinmu kalsiyam, kunun ta ko tuwonta. Masu binciken Jos ma daga baya sun gwada dakakken kifi da garin dutsen farar ƙasa wajen magance ciwon yaran, duka sun yi aiki, amma kada wani ya ɗebo farar ƙasa ya sha, nasu aunawa aka yi. Shi bitamin D kansa kaɗan ne a abinci: kifi mai maiƙo irin taitus da shawa da sadin, gwaiduwar ƙwai, hanta, da madarar da aka ƙara wa. Abinci kaɗai ba zai ɗaga 11 ba, dole sai ƙwayar.

Yadda aka saba bayarwa shi ne babbar ƙwaya mai awo 50,000 sau ɗaya a mako, na mako 6 zuwa 8, sannan a koma ƙarama ta kullum mai awo 800 zuwa 2,000. Ki bi abin da aka rubuta miki, ki sha bayan abinci mai ɗan maiƙo, don da mai yake narkewa. Ki kula, ta mako-mako ce, an sha samun waɗanda suka mayar da ita ta kullum don su warke da wuri. Bitamin D yana taruwa a jiki, in ya yi yawa kalsiyam ya hau, ƙoda ta ji jiki. Kada ki ƙara da allurar kemis, kada ki haɗa da wasu ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙashi ba tare da likita ya ga kwalayen ba. Ki gaya masa duk maganin da kike sha. Wasu magungunan farfaɗiya, da rifamfisin na tarin fuka, da wasu na ƙanjamau, suna rage bitamin D. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai dekzametason a ciki, su kuma cin ƙashi suke yi kai tsaye. Rana kuwa, ki nemi inda ba idon maza, bayan ɗaki ko baranda, a ranakun hutu, hannuwa da ƙafafu a buɗe, kamar minti 20 zuwa 30 da hantsi ya ɗaga. A ofis ma, fita sayen abinci da ƙafa ya fi aika masinja.

Ƙarfin cinya yakan fara dawowa cikin 'yan makonni, ciwon ƙashi yakan ɗauki watanni, wani lokaci ma ya ɗan ƙaru a farko kafin ya lafa. PTH shi ne mai jan ƙafa, yana iya kai wata 6 zuwa shekara kafin ya koma daidai, don haka in kin koma bayan wata uku kika ga ya sauka amma bai kai 65 ba, kada ki ce magani bai yi ba. Abin da zai sa a tura ki wajen ƙwararren likitan sinadaran jiki, a Asibitin Ƙasa da ke cikin gari ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, shi ne kalsiyam ya haura 2.6, ko bitamin ya cika amma PTH ya ƙi sauka, ko gwajin ƙoda ya nuna matsala, ko bitamin ya ƙi tashi duk da kina sha, wanda ke nuna hanji ba ya tsotsa. In kuma kika ji yatsu suna ɗaurewa da leɓe yana mutuwa, ko ƙishirwa da fitsari da amai suka taso miki, ko wani ƙashi ya yi ciwo mai tsanani har ba ki iya taka ƙafa, ki tafi asibiti a ranar.

Ki duba 'yan gidanki ma, tunda tukunya ɗaya kuke ci, ɗaki ɗaya kuke yini. In akwai mai ciki ko mai shayarwa, ta faɗa a wajen awo, don nonon uwa ba shi da bitamin D sosai, kuma jaririn uwa mai ƙaranci da ƙarancin ake haifarsa. In akwai yaron da ya makara bai yi tafiya ba, ko ya wuce shekara 2 ƙafarsa na ƙara lanƙwashewa, ko wuyan hannunsa ya yi kauri, a kai shi Babban Asibitin Nyanya a duba tun ƙashin yana ɗanye, a waɗannan shekarun magani da abinci sukan miƙe ƙafa ba tare da aiki ba.